Shafin da Ya Ƙi Bushewa

Zuwa ga Uwa,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi sauri, don kwana goma sha biyu kawai suka rage mini. Abin nan ya hana ni cin abinci, kuma babu wanda zan iya faɗa wa a Zangon nan ba tare da an ce na taɓu ba.

Ni Kirista ne, haifaffen Bawku. Sana'ata rubuta wa mutane wasiƙa, ina da tebur da tafireta a bakin gidan waya a nan Kumasi. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina haya a wani gida a Zango, ni kaɗai ne mai zuwa coci a cikin ɗaki goma sha huɗu. Ɗakin da ke kallon nawa na Baba Seini ne, wani tsoho Bazabarme mai sayar da igiya da tabarma a babbar kasuwa. Shi ya karɓe ni ranar da na sauka daga lori ban san kowa ba. Da matan gida suka fara ware mini kwano, shi ya ɗauki kwanon nawa ya sha koko da shi a tsakar gida, kowa yana kallo, daga ranar maganar ta mutu. Ban taɓa samun uba kamarsa ba, har da wanda ya haife ni.

Baba ba ya karatun boko, don haka ni nake rubuta masa wasiƙa zuwa ga ƙanensa a ƙasar Nijar. Ina da wata al'ada a aikina: kowace wasiƙa nakan sa takardar kabon in ajiye kwafi, saboda masu dawowa su ce ba haka suka faɗa ba. Na Baba sun cika kwalin takalmi. Duk rayuwarsa tana ciki, yadda ya zo da ƙafa yana saurayi, da rasuwar matarsa, da tsoron da yake ji kada ya mutu a hanya in ya tashi komawa gida.

To, bara mutanen mishan ɗinmu suka ce suna neman labarai da Hausa masu ƙarfafa bangaskiya. Ni kuwa tun ina makaranta nake marmarin in ga sunana a bangon littafi. Na zauna zan ƙago mutum, na rasa. Sai na buɗe kwalin nan. Uwa, labarin da kansa ya riƙa zubowa, wata biyu na damina na gama shi. Na sa wa tsohon suna Seini da niyyar in canza daga baya, ban canza ba, don duk sunan da na gwada sai in ji kamar na sa masa rigar aro. Har na gaya wa Baba na sa shi a littafi. Ya yi dariya har haƙoransa na goro suka fito, ya ce in rubuta shi da kyau, kada in manta da butarsa. Ya bi gida yana faɗa wa kowa.

Abin da ban gaya masa ba shi ne ƙarshen. A shafi na tamanin da uku tsohon ya kama hanyar gida, ciwo ya kayar da shi a gindin kaɗanya, wani katikis, wato malamin coci, da ke cikin motar ya yi masa wa'azi, ya ba da gaskiya ga Yesu, aka yi masa baftisma da ruwan butarsa, ya cika. Ki yarda da ni, ba da mugunta na rubuta ba. Shekara goma sha ɗaya ina so in yi masa maganar Almasihu, in na buɗe baki sai nauyinsa ya kama ni. Ina son in same shi a can aljanna, shi ke nan. Da na buga shafin nan har kuka na yi.

Na aika wa mishan a watan Satumba. Suka amsa cewa sun karɓa, sai dai in sake buga musu shafi na tamanin da uku, wai ya jiƙe, tawada ta bazu. Na ce damina ce, na sake bugawa na aika.

Sauran kin san shi. A watan Nuwamba, ana cikin azumi, gwamnati ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Baba ya fi shekara arba'in a Kumasi, bai taɓa riƙe takarda ba. 'Yarsa Humu ta tsira don mijinta Badagombe ne, ɗan ƙasa. Ni na ɗaura masa kayansa da igiyar da yake sayarwa, ni na ɗora shi a lorin Jibirin direba a tashar Kejetiya. Butar tana hannunsa.

Bayan ƙaramar salla Jibirin ya dawo da labari. Sun makale gaba da garin Bolga, motoci jere babu iyaka, ruwa ya ƙare. Zazzaɓi ya kama Baba, aka kwantar da shi a inuwa. Ban so in tambaya ba, amma bakina ya riga ni, na ce wace bishiya. Jibirin ya ce kaɗanya. Ya ce an samo ɗan ruwa a gwangwani aka miƙa masa, aka tuna masa matafiyi da marar lafiya ba azumi a kansu, ya ƙi, ya ce a ba wata mai goyo. Ya yi taimama da ƙasa ya yi la'asar a kwance, bai kai magariba ba. A nan suka binne shi, ko alama babu.

Ranar na ciro kwafin littafina. Duk shafukan a bushe suke ƙayau, ban da na tamanin da uku. Ba jiƙewa sharkaf ba, danshi ne mai sanyi, irin na tabarmar da aka yayyafa wa ruwa. Uwa, rabon Kumasi da ruwan sama an fi wata. Na shanya shi a rana, ya bushe, na mayar, washegari ya koma yadda yake. Na sake buga sabo har sau uku a takarda sabuwa fil. Na raba shi da sauran na sa a cikin gwangwanin biskit. Duk ɗaya.

Sannan ga dutsen. Akwai wani faffaɗan dutse a ƙofar ɗakin Baba inda yake alwala. Ɗakin a kulle yake, makullin yana wurin Humu a unguwar Bantama. Nakan dawo gida cin abinci da azahar, kuma kullum sai in tarar da dutsen a jiƙe, ruwan ya bi 'yar hanyar da ya saba bi zuwa kwata. Rana tsaka, mata suna daka, rediyo yana yi, ba wanda ya ko kalli wurin sai ni. Ban tambayi kowa ba, don ina tsoron a ce mini ba a ga komai ba. An ce ruwa ba ya tsami banza.

Na je wurin fastonmu, mutumin kirki ne, ba na zarginsa. Da ya ji labarin kaɗanyar sai ya ce hannun Ubangiji ne, wa ya san abin da ya faru a zuciyar tsohon a sa'ar ƙarshe. Yana so a buga littafin kafin bikin Ista, yadda yake. Ni kuwa na san Zango. Abin da aka gani a bugaggen littafi da sunan mutum, ya zama gaskiya ke nan har abada.

Shekaranjiya Humu ta zo har teburina da goro. Ta ce ba ta da kabarin da za ta ziyarta, ba ta da hoto, amma mahaifinta ya gaya mata yana cikin littafina. Ta roƙe ni, ranar sadakar arba'in, wadda saura kwana goma sha biyu, in malamai sun tashi, in karanta wa dangi daga farko har ƙarshe. Na ce to. Ban san abin da ya sa na ce to ba.

Yanzu ki gaya mini. Ni na kashe shi da tafireta? Shi ne yake jiƙa mini takarda? In na tsallake shafin na karanta mata sauran, littafin zai fito ta ji a bakin wani. In na ƙona shi, na ƙona abu ɗaya tak da na taɓa yi wa Ubangiji da basirata. Ga shafin nan na haɗo miki, ki gani da idonki.

Mai Tafireta,
Zangon Kumasi, Janairu 1970

Ɗana Mai Tafireta,

Allah ya ji ƙan tsohon, kai ma ya ba ka haƙuri, don maraici ne ke damunka ba ka sani ba. Na aika maka da wannan amsa ta akwatin gidan wayarka tun kafin a buga ta, kada jarida ta makara. Kuma ka sani, ko a wasiƙar nan sai da ka sake zuba sunayen mutane na gaskiya, ni na canza su. Hali zanen dutse.

Ba kai ka kashe shi ba. Tsoron mutuwa a hanya shi ya faɗa maka da bakinsa shekara da shekaru, kai kwafa kawai ka yi. Batun bishiya kuwa, daga Tamale zuwa iyaka in mutum ya nemi inuwa, kaɗanya zai samu. Tafiretarka ba ta kori kowa daga ƙasa ba. Dutsen alwala kuma, ka buɗe baki ka tambayi matan gida. Ba mamaki akwai wadda take alwala a wurin don kewarsa.

Ban ga laifin mai rubutu ya ɗebo daga rayuwa ba, daga ina zai ɗebo in ba nan ba? Ban kuma ga laifin ka so mutum har ka so masa abin da ka fi so wa kanka ba. Fastonka ma yana da gaskiya a abu ɗaya: ba wanda ya san zuciyar mai mutuwa sai Allah. Amma ka lura, wannan maganar kai ta kama, don kai ne ka rubuta kamar ka sani.

Laifinka biyu ne, ba zan rufe maka ba. Na farko, wasiƙun nan amana ce, ya faɗa maka ne don ƙanensa, ba don masu karatu ba. Na biyu ya fi nauyi. Abin da nauyin idonsa ya hana ka faɗa masa yana raye, ka je ka yi masa shi a takarda, inda ba zai iya cewa a'a ba. Mutumin da ya ƙi ruwa da azumi a bakinsa ya ba mai goyo, ka ɗauki sunansa da butarsa ka ce ya mutu a kan wani abu dabam. Addininka da nasa duk sun hana shaidar ƙarya a kan maƙwabci, kuma ba a ce ban da wadda aka yi don ƙauna ba.

Ga abin da za ka yi. Gobe ka rubuta wa mishan ka janye littafin, cikin ladabi, ba tare da dogon bayani ba. Kada ka jira ranar sadaka. Ka je Bantama ka sami Humu a gaban mijinta, ka gaya mata abin da ke shafin nan da dalilin da ya sa ka rubuta. Za ta yi fushi, tana da haƙƙi, kada ka kare kanka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sannan ka miƙa mata kwalin takalmin nan, gadonta ne. In ta yarda, wasiƙun cikinsa za ka karanta mata, don ba littafinka take nema ba, muryar ubanta take nema, ita kuwa tana cikin kwalin.

Littafin kada ka ƙona shi. Ka canza suna da sana'a, ka nemi izininta, ka sake rubuta ƙarshen yadda Jibirin ya faɗa. Kana ta neman Kiristan da za ka sa a labarin, alhali yana zaune a ɗakin da ke kallon na tsohon, yana ƙaunarsa shekara goma sha ɗaya ya kasa magana. Shi za ka rubuta, da tsoronsa da kwanon kokonsa. Ba dole sai kowa ya tuba a shafin ƙarshe littafi yake zama na bangaskiya ba. In mishan sun ƙi shi a haka, ka ajiye, bai lalace ba. Hukuncin tsohon ka bar wa Mai shi, ya fi ka jinƙai.

Saura tambayarka ta biyu. Ni ba mai ganin fatalwa ba ce, na tsufa ban ga ko ɗaya ba. Ambulan ɗinka ya iso a bushe, wasiƙarka ma haka. Shafin da ka cusa a tsakiyarta sai da na shimfiɗa shi a taga. Yau kwana uku ke nan ina shanyawa da safe, ina mayarwa cikin aljihun tebur da yamma. Ba zan ce maka komai a kai ba, don ban sani ba. Na mayar maka da shi, kada ka sake aiko mini.

Ka je wurin Humu tun da sauran kwanaki. Allah ya ba ka ƙarfin halin faɗa, ya ba ta zuciyar yafewa, ya sa in ka dawo ka tarar da takardarka a bushe.

Taka,
Uwa