Zobe a Ƙafar Ɗan Shamuwa

Alhamis, 19 ga Yuni, 2025

Na je Kalgo wajen ƙanena Abdulhakim. 'Yata Jidda ce ta matsa mini, sati guda tana bina: "Inna, ke kaɗai Kawu ke jin maganarki." Ƙungiyarsu na haɗa littafin tsuntsayen Kebbi, kuma sun ce babu wanda ya san tsuntsu kamarsa. Sau biyu ya ƙi su, wai yara ne masu son hoto.

Na ce masa 'yarka ce, ba baƙuwa ba. Ya ce, "Don ke, Adda." Ya tambayi ko shamuwa ta yi sheƙa a tsamiyar gidanmu bana. Na ce ta yi, har 'ya'ya uku. Na dawo Gwandu ina jin daɗin kaina.

Asabar, 28 ga Yuni

Innalillahi.

Sun zo da hantsi, shi da Jidda, da tsani a kan mota. Na ɗauka kallo za su yi su zana. Ina madafa ina haɗa musu fura na ji ihun mata. Na fito na tarar da shi can saman tsamiya, ɗan shamuwa a hannunsa, yana matsa masa wani zoben ƙarfe a ƙafa. Duka ukun ya yi musu! Uwar da uban sun tashi suna ta kewaya gidan.

Tun zamanin Baba tsuntsayen nan ke sauka a gidan nan. Ko kashinsu ya ɓata mana shanya ba a korarsu. Yaro bai isa ya ɗaga musu dutse ba. Yau ga mai furfura, da digirinsa.

Da ya sauko na ce, a hankali don akwai mutane, "Abdulhakim, da izinin wa?" Ya ce da zoben ake sanin inda suke zuwa da rani. Na ce to in ka sani, sai mi? Ya yi dariya. Dariya!

Bai sha furar ba. Ban ce ya sha ba.

Lahadi, 29 ga Yuni

Iyayen ba su sauka ba. Suna kan rufin makwabta suna kallo. 'Ya'yan na miƙo wuya.

Gidan ya cika. Malam Lawali makwabcinmu ya sa an shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar, shi da dattawa suna zaman jira, mata na shigowa jaje kamar an yi rasuwa. Kowa maganarsa ɗaya: hannun mutum ya taɓa su, uwar ba za ta ƙara karɓarsu ba. Hauwa matar Malam Lawali ta ce, "Kuma wai ke kika je har Kalgo kika ɗauko shi?" Na ce ni ce. Ƙarya zan yi?

Mun karanta a gaban malaminmu yadda Manzon Allah (SAW) ya hana a tayar wa tsuntsuwa hankali a kan 'ya'yanta. Idan suka mutu, ranar gobe ni za a fara tambaya. Wannan ne ke hana ni cin abinci, ba bakin Hauwa ba.

Litinin, 30 ga Yuni

Ƙaramin ya daina ɗaga kai. Hankaka na shawagi.

Jidda ta kira kawunta tana kuka, ta miƙo mini wayar, na ƙi karɓa. Ta buɗe murya ina ji. Ya tambayi su wa ke gindin itacen. Da ta faɗa masa sai ya ce, "Subhanallahi! Tun jiya? Ba hannuna take gudu ba, taron take gudu. Ku kwashe kowa, ku rufe ƙofa." Ya ce laifinsa ne da bai faɗa ba kafin ya tafi.

Laifinsa kam. Ya tashi hankalin unguwa ya shige mota, yanzu kuma ni zan kori dattawa daga gidan ubana?

Talata, 1 ga Yuli

Bayan asuba Malam Lawali ya shigo da tsani da almakashin ƙarfe, wai zai hau ya yanke zobban, uwar ta ga an tuba. Mutane na bayansa suna "Awo, haka ya dace."

Ban san lokacin da na tsaya tsakaninsa da itacen ba. Na ce, "Malam, ba za ka hau ba." Ya ce, "Hajara, ke ce?" Na ce ni ce, a naɗe tabarmar nan, kowa ya fita, har kai. Ni da ko ɗalibaina na allo ba su taɓa jin muryata ta tashi ba. Astagfirullah. Suka fita suna waige. Na sa sakata, na ja Jidda ɗaki, muka leƙa ta taga.

Har azahar shiru. Na yi ta zagin Abdulhakim a zuciyata, ina istigfari, ina sake zagi.

Ana kiran la'asar uwar ta sauka. Ta tsaya a bakin sheƙar, ta dubi ƙafafunsu, ta sunkuya ta amayo musu abinci. Na ga kawuna biyu. Na daɗe kafin na ga na ukun.

Juma'a, 4 ga Yuli

Na aika wa Malam Lawali tuwo da ban haƙuri. Ya karɓi tuwon.

Abdulhakim ya kira sau huɗu. Ban ɗauka ba, har yanzu ina fushi da dariyar nan.

Hauwa ta leƙo da yamma, wai Abdulhakim ya aiko yana neman izinin duba sheƙar da ke kukar gidan iyayenta a Maruda, mi na gani? Na buɗe baki in ce kada su yarda. Sai na ji na ce su bar shi ya duba, amma ranar kada kowa ya zauna a gindin kukar, kuma a gaya mini lokacin. Ba don komai ba, don wani ya sa masa ido.