Kusurwar da Na Bar wa Ruwa

Ni Dinatu, matar marigayi Manga ta Mayo Gwoi, nake wannan wasiyya. Ƙafafuna sun ƙi ni, amma hankalina garau yake, kada wani ya ce ciwo ne ke magana.

Obadiya, Noah da Caroline, 'ya'yana, kun san yadda gidan nan ya koma. Da muka tare, ruwan sama ta bayan gida yake gangarawa rafi abinsa. Yanzu maƙwabta sun cike filayensu, sun ja katanga ta kowane gefe, mun zama kamar gindin ƙwarya. Ina kwance ina jin ruwa na taruwa a tsakar gida, ba shi da mafita, ni ma ba ni da ita. Tsoro nake ji.

1. Rijiyar babanku ta kowa ce. Noah, ramin sokawe da ka fara tonawa kusa da ita don ya tsotse ruwan sama, ka cike shi. Tun kana yaro kake son gajeriyar hanya. Duk abin da ramin ya sha, kashin kaji da baƙin man babur ɗinka, rijiya zai kai, jikokina su sha.

2. Kada a tona sabon ramin a gindin ɗaki, bangon ɗakin Caroline ya riga ya tsage don danshi. Kada kuma a zurfafa. Da damina guga ba ya nisa yake taɓa ruwa.

3. Wuri ɗaya ya rage, kusurwar gangare wajen mangwaro, nesa da rijiya da ɗakuna. Obadiya, na san nan ka tara bulon ɗakin aurenka, shi ya sa kai da Noah ba kwa ga maciji a kan inda za a tona ramin. Na juya maganar har kaina ya yi ciwo, ban ga wata ƙofa ba. Kusurwar nan ba ta cikin gado. Ka yafe mini, ka ɗauki ɗakina. Ba za ka daɗe kana jira ba.

4. Kada ku raba gidan da katanga. Ranar da kowa ya tona nasa ramin, ɗayanku zai sha dattin ɗan'uwansa.

Ubangiji ya albarkace ku, ya raya muku zuriya. Ku riƙe juna. Obadiya, kai ne babba, kai za ka fara sa diga a kusurwar, ƙaninka na gefenka.