Ɗanɗanon da Na Ƙi Tofarwa

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Mama?

Raina a ɓace yake. Mashayar da nake aiki a Deptford ta tura ni gwajin ɗanɗanon wiski da vodka na Amurka don ƙarin girma. Ashe kurɓa ake yi a tofar a bokiti! Ni kuwa a gindin tukunyar burkutun Mama na tashi, inda tofar da ɗanɗano zagin mai dafawa ne. Na haɗiye duka. Da aka tambaye ni wanne ya fi, sai na kama waƙar coci. Ƙarin girma ya bi ruwa.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. Kada Mama ta ji, don cewa za ta yi na yi daidai.

Ƙaninki,
Bulus