Zakaran Ƙwallon Kwando na Kan Tabarma

Yaya Kabiru,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Ya mai ɗakinka da yara? Da fatan ƙafar 'yarka Ummi ta warke. Mu nan Ƙofar Ran lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Na'urar gem ɗin da ka aiko wa autanmu Nura ta ja mana abin kunya. Tun da ta iso ya yi watsi da lacca a jami'arsu ta Gubi, yana baje kan tabarma, wai shi mai buga ƙwallon kwando, da yatsu biyu. Har ya ƙera ɗan wasa a ciki, ya sa masa sunansa da fuskarsa, ya ba shi tsayin da babu irinsa a zuriyarmu.

Ran nan Hajiyarmu ta leƙa, ta ga Nura a talabijin, Turawa na ta yi masa tafi. Ta ce, "Auta, yaushe ka je can?" Maras kunyar nan ya ce, "Ai an ɗan jima, Hajiya." Washegari ta sa aka toya masar sadaka, maƙwabta na ta shigowa barka. Ni aka bari da faɗa mata gaskiya. Har yau ko gidan suna ta ƙi leƙawa don kunya.

Wai zakara, mutumin da jarkar ruwa ke sa shi haki.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. In za ka sake aike, aiko ƙwallon gaske, mu ga ko zai iya ɗaga shi.

Ƙanwarka,
Hauwa