Tukunyar Surukata a Bayan Jan Igiya

Gida mai koren ƙofa,
Layin Bayan Asibiti.
Talata, 15 ga Afrilu.

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Hukumar Yawon Buɗe Ido da Adana Kayan Tarihi,
Tsohon Birni.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: TSARE TUKUNYAR SURUKATA A TSOHON GIDAN ATTAJIRI, DA ROƘON A SAKE TA KAFIN RANAR ASABAR

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, tare da jinjina wa hukumarka bisa shirin zaga Tsohon Birni a bas da take yi wa iyalai duk bazara, ina rubuto wannan takarda ne cikin ladabi da kuma halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Ni mai kula da sito ne a wata makarantar firamare. Ban taɓa kai ƙarar kowa ba, har da maƙwabcina da ya mayar da ƙofar gidana wurin ajiye babur. Amma wannan magana ta fi ƙarfina.

A ranar Asabar, 5 ga Afrilu, na ɗauki maiɗakina da 'ya'yanmu huɗu muka shiga bas ɗin hukumarka mai hawa biyu. Kulolin gidanmu sun yi wa abincin kaɗan, don haka surukata, mahaifiyar maiɗakina, ta ba mu aron tukunyarta. Baƙar tukunyar ƙarfe ce mai kunne biyu, da 'yar lotsawa a gefe, kuma a nauyi ba ta da maraba da yaron da aka yaye. Ita surukar tawa ba ta samu zuwa ba saboda ciwon gwiwa.

Ya kamata Mai Girma ya san abu guda tun yanzu. Shekara goma sha huɗu ke nan ina auren 'yar wannan baiwar Allah, ko allura ba ta taɓa ba ni aro ba. In za ta ambace ni, "mutumin nan" take cewa, ko da kuwa ina zaune a wurin. Amma a safiyar ranar ta miƙo mini tukunyar da hannunta, ta ce, "Ungo, ɗana, ka riƙe mini ita da kyau." Sai da na fita waje na yi kamar wani abu ne ya faɗa mini a ido. Wannan kalma ta "ɗana" ita ce nake gab da yin asara, kuma ba na jin za a sake ce mini ita nan da wasu shekaru goma sha huɗun.

Don kada a ce ban yi adalci ba, farkon tafiyar ya yi daɗi. Mun ga tsohuwar ganuwa, mun haye tsohuwar gada, mun ci abinci a lambun hukuma a ƙarƙashin itatuwan da suka yi fure, yara suna ta atishawa suna murna. Abin ya lalace ne a zangon ƙarshe, wato Tsohon Gidan Attajiri. Ga ƙorafe-ƙorafena:

1. Da muka isa gidan, na so in bar tukunyar a ƙarƙashin kujerata. Direban ya ƙi. Ya ce doka ta hana barin kaya a mota, kuma shi dai bai yarda da yadda tukunyar take kallonsa ba. Haka na rungume ta na bi jama'a ɗaki-ɗaki, na hau bene da ita, na sauko da ita. Muna cikin tsohon ɗakin girki sai na ji ihun autana daga tsakar gida. Ya cusa kansa tsakanin ƙarafunan wata taga don ya ga ko kan mutanen zamanin da ya kai nasa girma, kan ya shiga ya ƙi fita. Na waiga neman inda zan ajiye tukunya, na ga murhu babu komai a kansa. Ranka ya daɗe, ni mutum ne mai son ganin kowane kaya a mazauninsa, kuma ban san wani mazaunin tukunya da ya wuce murhu ba. Na ɗora ta, na ruga. Muna gama zare kan yaro da taimakon man shafawar wata fasinja, direba ya danne oda kamar gari ya kama da wuta. Sai da muka iso gida maiɗakina ta dubi hannuwana, ta ga suna lilo babu komai. Ni dai na fi son a yi mini faɗa da irin kallon da ta yi mini.

2. Ranar Lahadi gidan a rufe yake. Ranar Litinin, 7 ga wata, na nemi izini a wurin aiki na koma. Na tarar da tukunyar a inda na bar ta, sai dai an kewaye ta da jan igiya, an haska mata fitila daga sama, an kuma kafa ɗan allo a gabanta mai cewa: "Tukunyar girkin iyalin gidan. Kimanin shekara ɗari uku. A kiyaye taɓawa." Na ɗaga ƙafa ɗaya kawai zan tsallake igiyar, mai gadi ya busa mini usur a cikin kunne. Da na ce masa tukunyar tamu ce, sai ya dafa kafaɗata ya ce haka ne, tarihi ai na kowa ne.

3. An tura ni wurin jami'in adana kaya, wani mutum mai fara'a da farar safar hannu. Ya bayyana mini cewa shekara biyu suna rubuta wa babban ofis takarda a aiko musu da tukunyar da za ta dace da wannan murhu, da suka wayi gari suka gan ta sai suka ɗauka an amsa roƙonsu, har sun aika da takardar godiya. Ya ce an riga an ba ta lamba, kuma abin da aka ba wa lamba ba ya fita. Na san wannan doka sarai, domin ni ma haka nake faɗa wa malamai in sun zo neman alli. Ya nemi rasit. Na ce an sayi tukunyar ne tun kafin a haifi maiɗakina, kuma wanda ya sayar ya daɗe da rasuwa. Ya rubuta wannan a takarda, ya ce hujja ce mai ƙarfi da ke tabbatar da tsufanta. Daga ƙarshe ya ce hanya ɗaya ce ta rage, in kawo mai tukunyar da kanta ta yi bayani. Mai Girma, in da zan iya kawo mai tukunyar, ai da ban ɓata maka lokaci da wannan takarda ba.

4. Ranar Asabar, 12 ga wata, na sake shiga bas ɗin ni kaɗai, da fatan in samu fahimtar juna da ɗan jagora, wato saurayin nan mai lasifika. Ban samu damar magana ba, domin shi ba ya shaƙar numfashi. Da muka isa ɗakin girki ya tara iyalai a gaban igiya, ya sanar da su cewa a wannan tukunya aka ciyar da mutanen birni lokacin da abokan gaba suka yi musu ƙawanya, kuma lotsawar da ke gefenta harsashin igwa ne ya yi ta. Ina so ya shiga cikin takardun hukuma cewa maiɗakina ce ta yi wannan lotsawa tana 'yar shekara tara, lokacin da ta jefi wata mage ta kuskure. Har yau in aka tayar da zancen a gidansu sai an canza magana. Na ɗaga hannu don in gyara masa, sai ya ce tambayoyi sai a ƙarshe. Wata dattijuwa a kusa da ni tana share hawaye tana cewa mutanen da sun sha wahala. Wani magidanci kuma ya miƙo mini wayarsa, ya roƙe ni in ɗauke su hoto da iyalinsa a gaban tukunyar. Na ɗauka, ranka ya daɗe. Har na ce wa ƙaramar 'yarsu ta matso kaɗan don kada ta tare kunnen hagu.

5. Tun ranar Lahadin da ta wuce an manna hoton tukunyar a jikin bas, girmansa ya kai ƙofar shago, da rubutu a ƙasa: "Zo ka ga tukunyar da ta ceci birni." Wannan bas yana bi ta bakin layin su surukata safe da yamma. Saboda haka na zama mai yawan ziyara. Da na hango jan rufinsa sai in miƙe in ja labulen tagarta, in ce iskar bazara ba ta da kyau ga gwiwa. Jiya ta yi mini wani irin kallo, ta tambayi 'yarta ko lafiyata ƙalau. Game da tukunyar kuwa, ban yi mata ƙarya ba. Na ce tana wuri mai tsaro, ana kula da ita fiye da yadda ake kula da ni.

6. Wannan shi ne ya hana ni barci. Ba a wanke tukunyar ba. A lambu muka ci abinci, babu ruwa a kusa, na mayar da murfi da niyyar a wanke a gida. Shinkafar ranar kuwa ta kama a ƙasa, don maiɗakina ta bar ta a wuta tana neman takalmin auta. Jami'in mai safar hannu ya buɗe murfin, ya ga ƙanzo, ya kankari kaɗan da ɗan cokali ya zuba a kwalba, ya aika da shi ɗakin bincike. Yanzu an jingine murfin a gefe don kowa ya leƙa, an kuma ƙara layi a jikin allo: "Ana iya ganin ragowar abincin mutanen da." Kwana goma ke nan a cikin ɗumin bazara. Wani abu kore-kore ya tsiro a ciki, shi ma ya ji labarin lokacin toho ya yi. Ɗakin ya ɗauki wani wari da ɗan jagora yake kira numfashin tarihi, yana umartar yara su shaƙa da kyau.

7. Gwiwar surukata ta yi sauƙi. Jikokinta sun cika mata kunne da labarin bas mai bene, autana kuma, wanda ba a ajiye magana a cikinsa, ya ce mata, "Kaka, akwai wata tukunya irin taki sak a can, har da fitilarta, Baba ma ya san ta." Ta ce lallai sai ta je ta ga wannan abin mamaki. Ta sa an guge mata tufafinta na fita, ta gayyaci ƙawayenta biyu, kuma ta ce ni zan raka su, ranar Asabar mai zuwa, 19 ga wata. Na kawo uzurin aiki, ta ce makaranta ba ta buɗewa ranar Asabar. Na ce ana hasashen ruwan sama, ta ce tana da laima.

Bisa waɗannan dalilai, ina roƙon Mai Girma Darakta, cikin ƙasƙantar da kai, ya ba da umarni a cire wa tukunyar lamba a miƙa mini ita kafin ranar Juma'a da yamma. A shirye nake in kawo wata a madadinta. Akwai wata a gidanmu da ta fi ta muni nesa ba kusa ba, kunnenta ɗaya ne, kuma na tabbata ɗan jagora ba zai rasa yaƙin da ya cire ɗayan ba. Ina kuma roƙon a sauke hoton daga jikin bas, ko a canza masa hanya, don hannuna ya gaji da jan labule.

In kuma doka ta ɗaure hannun hukuma, wanda a matsayina na ma'aikacin sito zan fahimta ko da raina bai so ba, to ina da roƙo na ƙarshe, kuma shi ne mafi girma. Na zauna da maiɗakina mun auna halin mahaifiyarta. Mai yiwuwa ta yafe mini mantuwa, don ta daɗe da yanke hukunci a kan ƙwaƙwalwata. Shekara ɗari ukun za ta ɓata mata rai, tunda da kuɗinta ta saye ta sabuwa, amma fitilar da jan igiyar za su iya sanyaya mata zuciya. Abin da ba za ta yafe ba har abada shi ne ta tsaya a gaban ƙawayenta biyu da cikin bas guda na baƙi, ta ga tukunyarta a buɗe da ƙanzo da gansakuka, mutane suna toshe hanci. Matar nan ko baƙo ne ya yi sallama tana tsakiyar wanke-wanke, sai ya jira a waje ta gama. Ba za ta yi ihu ba, ranka ya daɗe. Za ta juyo a hankali ta tambayi 'yarta wa ya ba mutumin nan tukunya.

Don haka ina roƙo a ba ni izinin tsallake igiyar na ɗan lokaci kaɗan, a gaban mai gadi da jami'in adana kaya da duk wanda hukuma ta ga dama, in wanke ta. Ba zan motsa ta daga kan murhu ba. Ba zan taɓa allon ba. In ana bukatar in sa farar safar hannu, zan sa. Zan zo da sosona da sabuluna da bokitin ruwana, hukuma ba za ta kashe ko sisi ba. In ya so ranar Asabar, duk abin da zai same ni ya same ni a gaban tukunya mai tsabta.

Ina jiran amsar Mai Girma da matuƙar zaƙuwa. Ana iya samuna a siton makaranta da safe, da yamma kuma a gidan surukata, kusa da taga.

Allah ya ƙara wa Darakta lafiya da basira, ya kuma raba shi da aron kayan surukai.

Naka mai biyayya, cikin girmamawa,

(sa hannu)
Mai kula da sito,
fasinjan kujerar baya, hawa na sama.