Kun Soke Mini Garanti Saboda Naman Maƙwabta

Zuwa ga Babban Manaja,
Kamfanin da ya sayar mini da firji mai sola,
Reshen Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Malama Asabe, ina koyarwa a wata firamare a nan Birnin Gwari. Ban ambaci sunan kamfaninku ba domin ba tozarta ku na fito yi ba, kuma na san za ka gane da kai nake. Na rubuta a fili ne saboda na buga waya sau shida, kowane karo a ce mini ana dubawa.

Ba don ƙawa na sayi firjin nan ba. Mahaifina yana da ciwon suga, kullum sai an yi masa allurar insulin safe da yamma, ita kuwa ba ta son zafi. Tun da muka ɗauko shi daga Kazage ya dawo hannuna, na wata uku nake sayo masa a Kaduna lokaci guda, don ba kullum ake samunta a nan ba, hanyar kuma ba wadda mutum zai riƙa hawa kowane mako ba ce. Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce a wurinmu, shi ya sa na zaɓi mai sola.

Na ɗaya. Ranar da na saya, yaron shagonku ya ce garantin masu ƙera shi shekara ɗaya ne, amma idan na ƙara naira dubu hamsin da biyar za ku ƙara mini shekara biyu, kuma mai gyara zai same ni har gida. Na kira maigidana. Ya ce in bar shi, kuɗin taki ne, ga Ɗanlami mai gyaran firji a bakin kasuwa, babu abin da ke gagararsa. Na fi rabin awa a kan kujerarku ina shawara da zuciyata. Sau uku na tambayi yaron ko har gidan da yake faɗa ya haɗa da Birnin Gwari, sau uku ya ce ko'ina a faɗin jihar. Na tuna maganin Baba, na biya. Aka miƙo mini takarda mai shafi huɗu, da Turancin da ko da tabarau sai ka matse ido, aka nuna mini wurin sa hannu alhali direban motar da zai kai ni gida yana ta yi mini hon a waje. Ban karanta ba. Wannan laifina ne, na ɗauka, kuma ni malama ce, abin ya fi kunya.

Na biyu. Wata goma sha huɗu firjin ya yi yana aiki babu ko tari, sai kwana huɗu bayan babbar sallah ya yi shiru. Ban ko girgiza ba. Har dariya na yi wa maigida, na ce yau zai ga amfanin kuɗin takinsa. Na kira lambarku, wata yarinya mai ladabi ta ɗauka, ta yi ta tambayoyi, har ta zo kan mutum nawa ke amfani da shi.

Yallaɓai, ka san abin da na ce mata? Na ce gida tara! Da alfahari na faɗa, har ina lissafo mata su. Na ce layinmu kaf babu mai firji sai ni, ranar sallah kowane gida ya kawo ƙullin namansa da alamar zare ko tsumma don kada a haɗa, maƙwabciyata Maman Rifkatu ma, da ba ta layya, kason da aka ba ta a ciki ta ajiye. Wallahi ni a zatona yabon kayanku nake yi. Na ɗauka za ta ji daɗi ta kai maka labari.

Bayan kwana biyu saƙo ya shigo wayata: an soke garantina bisa sashe na bakwai, domin an yi amfani da firjin fiye da buƙatar gida guda. Sau huɗu na karanta. Na miƙa wa maigida ya karanta, ko idona ne. Na zauna a bakin rijiya. Innalillahi! Ashe tambayar nan ba ta hira ba ce, hujja ake haɗawa, kuma ni da bakina na bayar.

Ina so ka gaya mini, a wane gari ne mace za ta mallaki firji, maƙwabciya ta yi sallama da nama a kwano, ta ce mata babu wuri alhali akwai? Ko sisi ban taɓa karɓa ba. Ba na sayar da ƙanƙara, ba na sayar da zoɓo. Idan wanda ya rubuta sashe na bakwai bai san yadda muke zaune ba, yaron shagonku ya sani, Bahaushe ne, har ya tambaye ni yadda mutanen gida suke. Me ya hana shi buɗe baki ya ce mini wannan garanti ba na mai maƙwabta ba ne?

Na uku, kuma wannan ya ƙara ɗaure mini kai. Da na zauna na karanta takardar daga farko har ƙarshe, sai na tarar a shafi na uku cewa ma'aikatanku ba sa zuwa wuraren da kamfani ya ga hanyarsu ba ta da tsaro. Na sake kira na tambayi yarinyar ko muna ciki, ta ce muna ciki. Ke nan ko naman kowa bai shiga firjin ba, babu mai zuwa. Ban ga laifin wanda ya ji tsoron dajin nan ba, mu ma da addu'a muke ratsa shi, ko yanzu da aka ɗan samu sauƙi. Amma adireshina yana kan rasit, da hannun yaronku aka rubuta shi, kuma a kan rasit ɗin nan aka karɓi kuɗin zuwa har gida.

Na huɗu. An ce ina iya ɗaukaka ƙara, a ba ni amsa cikin kwana talatin na aiki, da sharaɗin kada kowa ya taɓa hatimin da ke bayan firjin. Ɗanlami ya zo ya saurara, ya ce yana kyautata zaton wani ɗan ƙaramin abu ne ya ƙone, aikin wuni guda. Na hana shi kwancewa saboda hatiminku. Yau kwana goma sha tara ke nan da mutuwar firjin.

Nama bai lalace ba, ranar kowa ya kwashi nasa aka soya. Maganin Baba ne abin. Maman Rifkatu ta kawo tukunyar ƙasa, muka binne ta a jiƙaƙƙen yashi a ƙuryar ɗaki, muka jera kwalaben a ciki, ina yayyafa ruwa sau biyar a rana. Ma'aikacin asibiti ya ce dabara ce ta ɗan lokaci, ba zai iya rantse mini cewa maganin yana nan da ƙarfinsa ba. Kwana uku ke nan awon sugan Baba yana hawa, ban sani ba ko abinci ne ko allurar ce ta fara mutuwa. Ina jin tsoro, Yallaɓai.

Abin da ya fi ci mini rai, matan layinmu sun ji dalilin sokewar. Jiya suka shigo su biyar, da mayafansu kamar masu zuwa ta'aziyya, wai sun zo ba ni haƙuri. Baba yana daga ɗaki yana ji, ya kira ni ya ce in yafe masa, shi ne ya ce kada in mayar da kwanon kowa. Dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya yana neman gafarar 'yarsa saboda ya yi zumunci. Kuka na yi, ba zan ɓoye maka ba.

Ga roƙona. Ku janye sokewar nan, ku ba Ɗanlami izini a rubuce ya gyara tunda naku ba za su zo ba, ko ku mayar mini da kuɗin garantin. Sannan ku umarci yaran shagonku su riƙa faɗa wa duk wanda ya fito daga yankinmu sashe na bakwai da shafi na uku, da Hausa, kafin ya sa hannu. 'Yan'uwana masu shirin saye kuwa, ku tambayi wa zai zo, ta wace hanya, ku ce a rubuta sunan garinku a jikin takardar. In an ƙi, ku riƙe kuɗinku.

Zan jira ku zuwa ranar Asabar. In ban ji komai ba, da hannuna zan ɓalle hatimin in miƙa wa Ɗanlami, domin ba zan zuba ido lafiyar mahaifina ta jira kwana talatin na aiki ba. Kuma don kada ku sake wahalar yi mini tambaya ta waya, ku rubuta a fayil ɗina tun yanzu: ranar da firjin ya yi sanyi, maganin Baba zan fara sakawa, sauran wurin kuma na gida taran nan ne.

Allah ya ba ka lafiya, ya raya maka iyayenka in suna raye, ya jiƙan su in sun rigaye mu. Allah ya haɗa ka da maƙwabta irin nawa.

Wassalam.

Malama Asabe,
Birnin Gwari.