Mai Lamba 217

Litinin, 12 ga Afrilu 2010
Tasawa, garinmu. Kwana tara ke nan da na baro Yamai don binciken digirina na biyu: ƙarancin jini ga mata masu ciki a shekarar fari. Mata ɗari uku Farfesa yake so kafin damina. Inna ta ce, "Dabora, kin tahi karatu kin dawo kina tsotson jinin mayunwata?" Wasa take, amma ba ta yi dariya ba.

Alhamis, 15 ga Afrilu
Ƙauyen Maijirgi, bisa babur ɗin Gado ɗan kabu-kabu. Maza duk sun tafi cirani. Anza, ƴaƴan itacen daji masu ɗaci, ake jiƙawa a ci. Wata mai suna Lalla, ciki wata bakwai, jininta kamar ruwan wankin nama. Na auna sau biyu, bai kai rabin na mai lafiya ba. Ta tambaye ni ko bayan tsinin allura akwai hatsi. Babu.

Talata, 20 ga Afrilu
Shingen soja a hanyar Mayahi. Tun juyin mulkin Fabrairu kowane kaya sai an buɗe. Sojan ya ga kwalaben jini cikin ƙanƙara, ya ja baya. "Na wa ne?" Na miƙa takardar izini. Ya daɗe yana dubana, ba takardar ba. Ya ce, "Madam, ke ma ki auna naki."

Juma'a, 23 ga Afrilu
Gajiya kawai. Zafi ne.

Laraba, 28 ga Afrilu
Gidan Amumune, mata ashirin da biyu. Shanu matattu a bakin hanya, ko ungulu babu. Da na sauka daga babur, Gado ya nuna ƙwaurina: tabo shuɗi-shuɗi har uku. Ban bugu da komi ba. Dasashina ma yana jini in na yi asawaki. Sati biyu ke nan, yau ne dai na rubuta.

Litinin, 3 ga Mayu
Sabon ruwan rini ya iso ɗakin awo. Malam Na Allah, wanda ya shekara ashirin yana duba jini a nan, ya ce a gwada shi da jinin mai lafiya tukuna. Na tsaga yatsana, na shafa bisa gilashi, na sa a madubin duba ƙwayoyin jini.

Fararen ƙwayoyin jini sun cika fili. Manya, ɗanyu, waɗanda ba su nuna ba, irin da bai kamata su fito daga ɓargo ba. Bara na ci jarrabawa a kansu, ni ce ta ɗaya.

Na ce masa rinin ne bai da kyau. Ya shafa nasa jinin, ya fito tas. Ya miƙo hannu in ba shi gilashina. Na sa a aljihu.

Talata, 4 ga Mayu
Na sake shafawa sau uku. Duk ɗaya. Na rubuta ma gilashin lamba 217, na haɗa da na matan ƙauyen Baudeta, na aika Yamai. Wataƙila idona ne.

Lahadi, 9 ga Mayu
A majami'a an yi addu'ar ruwan sama. Ban iya tsayuwa har ƙarshen waƙa ba. Inna ta taɓa goshina, ta ce, "Ɗiyata, mi ya same ki?" Na ce zazzaɓin sauro. Ta ce, "Cikin rani?"

Gado ya kawo labari: Lalla ta haihu, ɗan ya rayu, ita babu. Lamba 31. Ina da sakamakonta tun sati uku. Na ce mata ta je likita, na kuwa san ba za ta je ba.

Laraba, 12 ga Mayu
Farfesa ya kira. "Wace ce 217? Sankarar jini ce, mai sauri. Ki nemo ta yau, a kawo ta Yamai. Kwanaki ake magana, ba watanni ba." Na ce ƴar ƙauye ce, ta yi ƙaura. Ya ce, "To bi ta."

Malam Na Allah yana wanke kwalabe, ya ba ni baya. Ya ce, "Rajista ta tsaya a 216."

Asabar, 15 ga Mayu
Saura mata tamanin da huɗu. In na tafi yanzu, shekara biyu ta tafi a banza. Hadari ya haɗo gabas, iska ta watsa shi.

Talata, 18 ga Mayu
Na ba Malam Na Allah jerin ƙauyukan da suka rage, don kada aiki ya tsaya. Na ce masa kwana kaɗan ne, takardu zan kai Yamai.

Farfesa ya sake kira. Na ce an same ta, gobe muna tafe motar safe. Ya ce in ba shi sunanta a tanadi gado. Na ba shi nawa. Sai ya ce shi da kansa zai tarbe mu a tasha.

Ban gaya ma Inna komi ba. Amma na iske ta ɗaure ƙunshin kayanta, ta ajiye kusa da jakata. Ban ce ta zo ba. Ban kuma ce ta zauna ba.